Kafintan da Ya Yi wa Taba Ɗori

A duk layin nan babu wanda bai san Kafinta ba, kuma da wuya a sami wanda bai taɓa yin cacar baki da shi a kan kujera ba. Mutum zai kawo masa kujerar da ta gama shan duniya, ƙafa biyu sun karye, ta uku gara ta cinye, ya ce a ƙera masa sabuwa. Kafinta zai juya ta, ya ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, ya kara kunne, sannan ya ce, "Wannan ai da sauran ranta. Dawo jibi." In ka dawo sai ka tarar da tsohuwar kujerarka a tsaye, an tallafe kowace ƙafa da siraran katako biyu, an shafe da gam, an ɗaure tam da waya. Ba ta da kyan gani ko kaɗan, amma za a zauna a kanta har a gaji. Shi ya sa matan layin suka laƙaba masa Mai Ɗori, shi kuwa ko a jikinsa, har amsawa yake yi.

Shagonsa rumfar kwano ce a jikin gidansu, ƙofarta na kallon titi. Wanda ya leƙa ciki zai rantse bola ce aka yi wa rufi: gwangwanaye cike da lanƙwasassun ƙusoshi waɗanda yake miƙewa da guduma in aiki ya yi sauƙi, hannuwan ƙofa babu ƙofofin, guntayen katakon da ko wuta ba za su hura ba. Kullum akwai farin alli a maƙale a bayan kunnensa, da shi yake jan layi inda zai yanka. Sai dai jan layin ya fi yankan yawa. Sabon katako kam yana sa masa zarto ba tare da wani tunani ba. Amma abin da ya riga ya zama wani abu, ƙafar tebur ce ko murfin akwati, sai ya ja layi, ya tsaya yana kallo, ya goge da babban yatsa, ya ce bari dai a gwada ɗaurewa tukuna. Da a kan katako kaɗai halin ya tsaya, da babu wanda zai ga laifinsa.

Su uku ne a gidan tun da yara suka yi aure suka watse: shi, da matarsa, da wansa wanda kowa ke kira Yaya. Ubansu ya rasu Kafinta yana ɗan mitsitsi, Yaya ne ya riƙe shi. Dako Yaya yake yi a tasha, buhu a ka, akwati a kafaɗa, daga fitowar rana har faɗuwarta, kuma da wannan dakon ya ciyar da ƙanensa, ya kai shi koyon sana'a, ya yi masa aure. Ranar da suke rufa shagon ma Yaya ne a sama, kwano ya zame ya tsaga masa ƙwaurin hagu, ya bar masa dogon tabo fari wanda har ya tsufa yake nuna wa jikoki yana cewa nan ne ya sa hannu a takardar shagon. Matar Yaya ta rasu ba su haihu ba, ya ƙi sake aure, ya tare a ɗakin baya. Har gobe Auta yake kiran Kafinta duk da furfurar da ta cika masa kai, matar Kafinta kuwa, mai jikoki rututu, Amarya ce a bakinsa tun ranar da ta shigo gidan.

Abu ɗaya Yaya ya mallaka a duniya ban da tabarmarsa da lofensa, wato 'yar gonar taba a bayan gida, tsakanin katanga da tagar ɗakinsa. Ba ta fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Bai taɓa sayen sigari ba, ya ce wannan ciyawa ce aka naɗe a takarda. Duk damina shi yake yafa irin a tsohon kwano, ya dasa, ya bi ganye ɗaya-ɗaya yana cire tsutsa, ya tsinke kawunan in sun fara fure don ganyen ya yi faɗi, ya shanya a inuwa har ya yi ja. Da yamma ya zauna a bakin ƙofa ya cusa lofe, hayaƙin ya bi layin, kowa ya san Yaya ya gama yininsa lafiya.

Wata shekara sai ƙusa ta shiga ƙafar Yaya ta hagu. Ɗaya ce daga lanƙwasassun nan na cikin gwangwani, ta faɗo a bakin shago ta ɓuya a garin katako. Yaya yana da ciwon suga wanda ya kashe masa tafin ƙafa, bai ji komai ba, ya yini yana yawo da ita. Amarya ce ta ga jini a tabarma. Kafinta da kansa ya zare ƙusar, ya dube ta, ya gane ta, domin da safen nan ya ɗaga ta ya ce wannan za ta miƙe. Bai faɗa wa kowa ba, amma daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi.

Ciwon ya ƙi warkewa. Yatsu biyu suka yi baƙi ƙirin suka yi sanyi. A asibiti likita ya duba, ya danna, ya sunsuna, ya ce a cire yatsun da ɗan abin da ke bayansu tun abin bai hau ba, kuma a raba dattijon da lofe, don taba na toshe hanyar jini. Kafinta ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Likita, ƙafar nan ita ta ciyar da ni," ya ce. "Ba a yi mata magani ba, ba a ɗaure ba, ba a gwada komai ba, sai yanka? Ko mahauci ai yana tsayawa ya duba."

Likita ya juya wajen mai ƙafar. "Baba, kai me ka ce? Jikinka ne."

Yaya ya sunkuyar da kai. Mutumin da ya ɗauki buhun siminti biyu a ka bai taɓa cewa wash ba, ranar sai ga leɓensa na rawa. "Abin da Auta ya gani," ya ce.

Aka ba su magani da bandeji. Nas ɗin da ta raka su ƙofa ta ja Kafinta gefe, ta ce tun da ya kafe, to kullum ya ja layi a fatar daidai inda baƙin ya tsaya. Ranar da ya ga baƙin ya tsallake layin, kada ya jira gari ya waye, ya kawo shi. Kafinta ya taɓa allin bayan kunnensa ya ce wannan ai aikinsa ne.

Ya kuwa riƙe aikin ba ji ba gani. Ya ƙera wa ƙafar ɗan benci mai laushi, ya ƙera sanda, ya gyara takalmin Yaya na hagu ya buɗe masa baki da waya don ya ɗauki bandeji. Kowace safiya ya kawo ruwan ɗumi ya wanke ƙafar tas, ya shafa magani, ya ja layinsa fari a kan baƙar fata, ya naɗe. Gonar taba ma ta dawo hannunsa, Yaya yana ba da umarni ta taga. Lofe kuwa bai iya hana shi ba. Ya ce mutum yana kwance, an raba shi da tafiya, a kuma raba shi da hayaƙinsa? Shi yake cusa masa ma da hannunsa.

Tabar ta yi kyau a shekarar, kyan da har ya so ya yi yawa. Ta kai ƙirjin mutum, ganyen ya yi faɗi ya yi kauri, in ka taɓa sai danƙo ya kama maka yatsa. Saura kaɗan a fara tsinkar na ƙasa.

Ranar da abin ya faru, tun hantsi garin ya yi wani irin zafi mai nauyi, ko ganye ba ya motsi. Kajin Amarya suka shige ƙarƙashin rumfa suka yi tsit da rana tsaka. Can da yamma hadari ya taso daga inda ba ya saba tasowa, ƙasansa baƙi, samansa wani kore-kore mara daɗin kallo. Sai iska mai sanyi ta bugo sau ɗaya ta tsaya. Kafinta yana shago ya ji an jefi kwano, ƙwal. Ya ɗaga kai zai zagi yaran layi, sai ya ji wani, da wani, sannan sama ta buɗe gaba ɗaya.

Ƙanƙara ce, wata kamar ƙwan tattabara, wata ta fi. Ƙarar da take yi a kan kwano ta sa ko kiran da Amarya ke ƙwala masa daga tsakar gida bai ji ba, bakinta kawai yake gani yana motsi. Ya ɗora faranti a ka ya ruga ɗakin baya. Ya tarar gilashin tagar ya tarwatse, ƙanƙara na tsalle a kan tabarma, Yaya ya rungume ƙafarsa da hannu biyu ya juya wa tagar baya. Kafinta ya ja shi lungu, ya kwaso katako ya toshe tagar ya buga ƙusa. Kafin ya gama bugawa abin ya wuce, sai ruwa da ya biyo baya kamar da bakin ƙwarya.

Da ruwan ya tsagaita ya zagaya baya wajen tabar. Ganyen ya zama tsumma, wani ya huje, wani ya rage jijiya kawai, ƙasa ta rufe da kore da fari. Karan tabar kuwa yawancinsu sun karye a tsakiya sun rataye, fata kaɗai ta riƙe su, waɗanda ba su karye ba duk jikinsu rauni ne yana tsiyayar ruwa. Warin ɗanyar taba ya cika wurin har yana hawa kai.

Ya koma ɗakin, wanda yanzu ya yi duhu saboda katakon taga. Yaya bai tambaye shi me ya gani ba.

"Auta, ɗauki wuƙa mai kaifi," ya ce. "Ka sare su duka. Ka bar kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ka yi yankan a karkace don kada ruwa ya zauna a kai. Ganyen da ya zube ka kwashe ka kai bola, nesa, kada ka bar ko ɗaya a gindinsu. Saiwar lafiyarta ƙalau, za ta yi toho. Ba za mu sami kamar na da ba, amma za mu samu."

"Duka, Yaya? Har waɗanda ke tsaye?"

"Duk wanda ƙanƙara ta fasa wa jiki. Yau, tun raunin yana ɗanye. In ka bari ya kwana biyu ruɓa za ta shiga."

"To, Yaya."

To ɗin nan ta baki ce kawai. Ya fita da wuƙar, ya tsuguna gaban na farko, har ya ja layi da alli a jikin karan. Sai ya ɗago rabin da ya rataye, ya ga ya koma mazauninsa daidai, tsaga ta haɗu da tsaga, ga sauran ganye uku huɗu a sama da ba su lalace sosai ba. Wata uku ana wahalar abu, a sare shi a dawo da shi ƙasa? Ya goge layin da babban yatsa. Ya tafi shago ya fere siraran katako, ya yayyaga tsohon zanen Amarya, ya dawo ya shiga yi wa taba ɗori. Katako biyu a kowace karaya, tsumma a naɗe tam, sanda a kafe a gefe don ta tallafa. Ganyen da ya zube ma bai kai bola ba, ya tara shi a gindin katanga ya ce zai zaɓi na zaɓa. Aiki ne mai tsabta, babu mai kushe shi, in da ƙafar tebur aka yi wa.

Amarya ta zo ta tsaya a kansa riƙe da ƙugu.

"Malam, ba haka Yaya ya ce ba. Da kunnena na ji."

"Yaya yana kwance, bai ga yadda suke ba."

"Shekara nawa yana shuka abin nan, kai kuma yaushe ka fara? Wannan ba kujerar mutane ba ce, abu ne mai ruwa a jiki. Ka naɗe shi da tsumma cikin damina?"

"Ke dai je ki ji da tukunyarki."

Ta yi tsaki, ta fizgi wuƙar daga ƙasa, ta nufi guda ukun da ke lungu wajen magudanar ruwa, waɗanda bai kai gare su ba tukuna. Kafin ya miƙe ta sare su, ƙyat, ƙyat, ƙyat, ta kwashe kawunan ta watsa bayan katanga. Ta ce ko ba komai a ce an bi maganar babba a gidan nan sau ɗaya. Ranar bai ci abincinta ba, kuma hannunsa da ya yini cikin jiƙaƙƙen ganye ya sa shi jiri da tashin zuciya har ya kwanta da wuri.

Washegari yana wanke ƙafa Yaya ya tambaye shi, "Ka sare?"

"An sare, Yaya," ya ce, idonsa a kan bandeji. A ransa ya ce ai ba ƙarya ya yi ba, an sare ukun.

Kwanakin farko kamar abin zai yi. Ganyen saman ya ɗago, Kafinta ya riƙa kiran maƙwabta su zo su ga taba da ɗori, ana dariya ana cewa Mai Ɗori ya kai ƙarshe. Kututturan Amarya kuwa suna lungu, baƙi-baƙi, ba su ce komai ba, duk wucewa sai ya harare su. Amma ruwa bai ɗauke ba. Ya sauka da safe, rana ta fito ta dafa ƙasa, ya sake sauka da yamma. Tsumman ɗorin bai taɓa bushewa ba. Tarin ganyen gindin katanga ya yi laushi ya fara zafi daga ciki, ƙananan ƙudaje suka same shi.

Ɗakin baya ma ya canza. Bai cire katakon tagar ba, kullum sai ya ce gobe zai sa gilashi, alhali ya san abin da ya sa bai sa ba. Iska ta daina shiga. Yaya ya rage magana, ya rage ci, lofen ma sai ya ja sau biyu ya ajiye. Wani wari ya fara zama a ɗakin, mai ɗan zaƙi-zaƙi, wanda turaren da Amarya ke kunnawa ba ya korewa, sai dai su haɗu su zauna tare. Kafinta ya ce warin tarin ganyen nan ne ke shigowa ta tsagar katako.

Wata safiya ya fito da kwanon ruwan wankin ƙafa, Amarya ta tare shi a tsakar gida. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan, don ita mai ɗaga murya ce.

"Malam, baƙin ya tsallake layin?"

"Bai tsallake ba. Kullum ina dubawa, daidai kan layin yake."

"Wane layin? Na jiya ko na yau?"

Ya kawar da kai zai wuce, ta sha gabansa.

"Kullum sai ka wanke ƙafar kafin ka duba," ta ce. "Ruwa ya tafi da allin, ka ja sabo inda baƙin ya tsaya. To ta yaya zai tsallake? Kai kake matsa masa gaba. Ni ban san alli ba, tabon ƙwaurinsa nake kallo, shi ruwa ba ya wanke shi. Ranar da kuka dawo daga asibiti layinka yana kan yatsu. Ranar ƙanƙara yana idon sawu. Jiya da na kai masa ruwa bandejin ya zame, na ga tsakaninsa da tabon bai fi yatsa biyu ba."

"Kumburi ne. In kumburin ya sauka..."

"Malam, ka ji tsoron Allah."

Ya wuce ta ya zubar da ruwan. Ransa ya ɓaci, kuma ya san ba da ita yake fushi ba. Bai koma ɗakin ba, bai shiga shago ba, ya zagaya baya wajen tabar, don nan ne kaɗai yake ganin aikinsa na tsaye.

Guda ɗaya ta faɗi. Babu iska, babu akuya, ta dai kwanta a kan sandarta kamar wadda ta gaji. Sauran kuwa ganyensu ya yi yaushi ya rataye, ya yi rawaya daga gefe. Ya tsuguna ya kwance tsumman wadda ta faɗi. Katakon ɗorin suka zame da kansu, wani baƙin ruwa mai yauƙi ya biyo su ya bi masa yatsu. Ya matsa karan, ya ji shi fanko, ya lotse a hannunsa. Sannan warin ya buge shi. Ya san warin nan, kullum da safe a cikinsa yake tsugune.

Ya ɗauko wuƙa. Yanzu kam zai sare, ya bar taƙi ɗaya kamar yadda aka ce. Ya yanka ƙasa da karayar, ya duba bakin yankan, cikin ya yi ruwan ƙasa ya ruɓe. Ya sauka ƙasa kaɗan ya sake yankawa. Haka. Ya sake sauka. Daga waje karan kore ne shar, lafiyayye, amma ruɓar ta bi ta cikin bargonsa ta riga wuƙar sauka. Ya yanka har wuƙar ta taɓa ƙasa, ya tona da yatsa, saiwar ma ta tafi. Ya koma ta biyu, ta uku, yana kwancewa yana yankawa yana neman wuri ɗaya fari, gumi na zuba a idonsa. Bai samu ba. Da ya kai lungu sai ya ga kututturan Amarya guda uku, bakin yankansu ya bushe ya warke, kowanne ya fito da toho kore, ƙanana, masu gashi-gashi, sun buɗe ganye bibbiyu.

Wuƙar ta faɗi daga hannunsa. Ya miƙe da gudu, dattijo da furfura, ya faɗa ɗakin baya, ya sa hannu ya ɓamɓare katakon tagar har ƙusa ta yage masa tafi. Haske ya shigo. Bai kawo ruwa ba, bai wanke komai ba, ya kwance bandejin a hankali. Layin da ya ja ɗazu yana nan fari. Amma da hasken rana ya ga abin da duhu ya taya shi ɓoyewa: sama da layin fatar ta kumbura tana sheƙi, wasu jajayen zare sun bi ƙwaurin sun hau, tabon nan fari ya dushe ya shige ciki. Jikin Yaya zafi rau, ƙafar kuwa sanyi ƙalau.

"Amarya!" ya ƙwala, sunan da bai taɓa kiranta da shi ba. "Kira direban nan na maƙwabta, ki ce ko me yake yi ya bari!"

A bayan mota ya rungume Yaya, kansa a kafaɗarsa, ƙafar a miƙe kan cinyar Amarya. Ya ji yadda mutumin ya zama ba nauyi. Suna cikin tafiya Yaya ya buɗe ido.

"Auta, tabar ta yi toho?"

"Ukun da Amarya ta sare sun yi."

"Sauran fa?"

"Ɗori na yi musu, Yaya. Sun ruɓe har saiwa."

"Na sani. Ina jin ka ranar kana fere katako. Wa ya taɓa sare taba da fere katako?"

"To me ya sa ba ka yi magana ba? Da ka daka mini tsawa ai da na bari."

Yaya ya lumshe ido.

"Na ce bari in gani ko za ta kama," ya ce a hankali. "Da ta kama, da ni ma na sa rai. Tsoro nake ji, Auta. Ba kai kaɗai ba ne."

Amarya ta juya fuskarta wajen taga tana share ido da bakin mayafi.

Likitan nan ne dai. Bai yi faɗa ba, bai ce ai na gaya muku ba, Kafinta ya so ma a ce ya zage shi. Ya sa safar hannu, ya ɗora yatsa a kan layin allin, ya danna, ya girgiza kai. Ya matsa sama ya danna. Ya wuce inda tabon yake. Kafinta yana bin yatsan da ido, yana roƙon Allah a zuci ya tsayar da shi, yatsan yana hawa yana neman wuri mai lafiya. Ya wuce gwiwa. Sai da ya kai tsakiyar cinya sannan ya tsaya.

"Nan," likita ya ce. "Yau, ba gobe ba. Kuma ban yi muku alkawari ba, don abin ya fara shiga jini, ga shekaru. Me kuka ce?"

Yaya ya juyo da ido wajen ƙanensa, kamar wancan karon.

"A yanke," Kafinta ya ce. Muryar ta fito kamar ba tasa ba. "Don Allah a yi sauri."

Aka kawo gado mai taya. Suna tura shi Yaya ya kamo hannun rigar Kafinta, sai da masu turawar suka dakata.

"Ukun nan na Amarya," ya ce. "Kowanne zai fito da toho da yawa. Ka zaɓi ɗaya mai ƙarfi ka bari, sauran ka tsinke, in ba haka ba duk za su tsumbure. Ka tsinke, ka ji ko? Kada ka ji tausayinsu."

"To, Yaya."

"Ba irin to ɗin ranar nan ba."

"Na ji, Yaya. Wallahi na ji."

Ƙofar ta rufe a bayansu. Jim kaɗan nas ta fito ta miƙa masa rigar Yaya a naɗe, da lofen da ta samu a aljihu, da takalmansa. Ya karɓa ya zauna a bencin jira kusa da Amarya. Na hagun ne a sama, wanda ya buɗe wa baki ya ɗinke da waya, tafinsa ya lotsa daidai siffar ƙafar da ta taka shi. Ga kwandon shara nan a gefen bencin, ko miƙewa ba sai ya yi ba. Ya daɗe yana juya takalmin a hannunsa, ya ga wayar ta ɗan saki a gefe ɗaya, ya sa yatsa ya murɗe ta ta koma daidai. Sannan ya haɗa shi da ɗan'uwansa, ya rungume su a ƙirji, ya zuba wa ƙofar ido.